Ta Ƙi Karatu

Tun ranar Laraba ta ƙi karatu.
A saka mata faifai ta haɗiye,
ta yi ƙur-ƙur, ta yi ƙas, ta yi shiru,
sannan ta tofo shi
kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci.

Nazifi ya hura mata iska,
ya goge faifan da gefen rigarsa,
ya shafa masa man goge baki
don wani ɗan ajinsu ya ce haka ake yi.
Ya kife ta, ya jingine ta da bango,
har ya ɗan mare ta da ya ga na juya baya.
Na ji.
Kunnena dai bai yi ritaya ba.

Ran Asabar muka hau keke daga Tukur-Tukur,
yana rungume da ita cikin zanen kakarsa,
muka sauka Sabon Gari,
muka bi ta bayan masu sayar da caja
zuwa wani shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Jazuli ne sunan mai gyaran.
Bai tambayi abin da ya same ta ba,
kunne ya kara mata.
Ya ce, tana juya faifai lafiya, Baba,
bel ɗin ma da sauransa.
Ido ne.

Notuna shida ya kwance,
ya tara su cikin murfin kwalba.
Da ya ɗaga bayanta
sai ga ɓawon gyaɗa, ga fiffiken kyankyaso,
ga ɗan kunnen Ummita
da aka birkice gida ana nema tun kafin azumi.

Can tsakiya ya nuna mana shi,
ɗan gilashi, wai bai kai ƙwayar wake ba.
Na ce na gani.
Ban gani ba.

Ya naɗa auduga a tsinke,
ya tsoma a sifirit,
ya taɓa shi a hankali
kamar mai sa wa jariri kwalli.
Ya ce, yana ce ta rufe shi,
hasken na fita amma ba ya dawowa da labari.
In wanki bai yi ba sai a ɗan murɗa masa ƙarfi,
kaɗan fa, in ka zarce ka ƙone shi.

Ni kuwa ina kan benci ina lissafi.
Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutu a maɗaba'a,
ba ƙugiyar da ta taɓa suɓuce wa ƙa ko ɗa
ta wuce ta gabana.
Yau jarida sai in kai ta hanci,
in miƙar da ita tsawon hannu,
baƙaƙen su yi ta iyo kamar tururuwa cikin koko,
in ninke, in ce yau ba wani labari.

Ya rufe ta, ya saka faifai.
Ƙur-ƙur.
Nazifi ya riƙe numfashi.
Sai filin ƙwallo ya buɗe a talabijin, kore shar,
yaron ya daka tsalle har ya ture kwalbar sifirit.

Dubu biyu da ɗari biyar.
Na ce dubu biyu, ya ce albarka.
Na ƙirga na miƙa masa,
ya dawo min da takarda ɗaya:
Baba, wannan dubu ce, ba ɗari biyar ba.

A aljihuna akwai katin asibitin Shika,
na ganin likitan ido,
kullum ina ce masa sai an kwana biyu.
Da muka hau gadar Kubanni
na ciro shi na ba Nazifi,
na ce, duba min, wace rana suka rubuta?

Ya ce, Talata, Kaka.
Wadda ta wuce.

Na ce, to, riƙe akwatinka da kyau.
Ai akwai wata Talatar.